Ta Ƙarshe a Layin Gaisuwa

Tun da na dawo daga Indiya ban huta da tambaya ba. A ofishin malamai, a gidan suna, har a layin famfo. Hajara ƙawata, wadda muke koyarwa tare a firamare nan Batsari, ta fi kowa naci. Wai da gaske ne mutanen can suna ɓarkewa da waƙa a tsakiyar titi? Da gaske ne miji na tarar matarsa da furanni? Na gaji da maimaitawa, kuma duk lokacin da na ba da labarin sai in tsallake abin da ya kai ni. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, har da wurin da nake tsallakewa.

Maigidana, wanda zan kira Malam kamar yadda nake kiransa a gida, ya tafi karatun digiri na uku wata bakwai bayan aurenmu. Ya bar ni da mahaifiyarsa, Inna, da ƙanen mahaifinsa, Baffa Sale, a gidan da suka kama a Batsari bayan an taso su daga Wagini. Abin da yake karantawa, in aka tambaye ni, sai in ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, don iyakar sanina ke nan. A shekara huɗu sau ɗaya ya zo gida.

Ba zan yi masa ƙarya ba, kullum yana kira. Bayan azahar, ina dawowa daga makaranta, ko mayafi ban cire ba wayar za ta yi ƙara. In ɗauka, in amsa sallama, in ce, "Ga Inna." Inna kuma ba ta san gajeriyar gaisuwa ba. Sai ta tambayi kwana, da gajiya, da sanyi, da malamansa, da maƙwabtan da ba ta taɓa gani ba. Daga nan wayar ta koma hannun Baffa, shi kuma ya ba da rahoton gonakin mutane tun daga gero har wake, da wanda ya iya zuwa Ruma ya dawo lafiya, da jakin da ya yi ɗingishi. Gidanmu kuwa wuri ɗaya ne ke da sabis, gindin dalbejiya kusa da katanga, shi ma sai ya ga dama. Kafin wayar ta zagayo gare ni, ko dai layin ya yanke, ko caji ya mutu, ko in samu kalma biyar.

"Rukayya, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau."

"To madalla."

Ni kuwa da littattafan soyayya na tashi. Tun ina aji biyu na sakandare nake karɓo haya wurin mai teburi a kasuwa, in ɓoye a cikin littafin lissafi. A cikinsu namiji yana magana. Yana cewa ya kasa barci, yana cewa abinci ya daina masa daɗi. Na ja layi a ƙarƙashin irin waɗannan kalmomin da jan biro, ina jiran ranar da za a faɗa mini. Shekara huɗu ina jira a ƙarshen layi. Don haka da ya aiko da takardu cewa in zo in ga ranar da zai kare aikinsa gaban malamai, na yanke shawarar da ban gaya wa kowa ba. Zan je in duba da idona. In na ga babu ni a ransa, zan dawo in durƙusa gaban Baffa in roƙi a sa ya sauwaƙe mini, tun ban tsufa a gindin dalbejiya ba.

Na fara zuwa Zakka sallama da mahaifiyata. Mota zuwa Safana, daga nan babur, mai babur yana ta waige ga daji hagu da dama har muka shiga gari. Ban faɗa mata komai ba, amma uwa ce. Ta dube ni ta ce, "Ke dai takardun nan sun lalata maki kai. Ubanki har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba. Sai dai ya ce, ke." Na ce, "Kuma ba ki ji ciwo ba?" Ta yi dariya, ta ci gaba da ƙulla mini daddawa a leda uku.

Inna kuma kilishi ta sa aka yo, da yaji, da kuka. Tana miƙo mini ta ce, "Ki kai mashi. Ki duba mani ko ya rame. In ya ce bai rame ba, ƙarya yake, tun yana yaro haka yake."

Wahalar takardu ba zan tsaya a kanta ba, sai abu ɗaya. An ce ba za a shiga ƙasar ba sai da katin rigakafi, har da na shan inna. Na tsaya a asibiti, mace mai shekara ashirin da bakwai, na buɗe baki aka ɗiga mini kamar jaririya. Ma'aikaciyar ta ce, "Kar ki tofar, 'yar lele." Matan da ke layi da goyonsu suka yi ta dariya.

Daga Batsari mun tashi da hantsi, lokacin da motoci ke fita a jere. Babu mai hira a motar sai da muka hango Katsina, sannan kowa ya tuna yana da baki. Na kwana Kano gidan ƙanwar mahaifiyata, washegari aka kai ni filin jirgi. A can Allah ya haɗa ni da Hajiya Ladi, wata dattijuwa 'yar Dutsin-ma da za ta je a yi mata aikin gwiwa. Ana tura ta a keke, amma bakinta ba ya bukatar turi. Kafin jirgi ya tashi ta san sunan garinmu, da shekarun aurena, da cewa ban haihu ba.

"Shekara huɗu?" ta ce. "Shi da kwamfuta? To Allah ya sa dai kwamfutar ba ta ɗaura zane."

Na ce, "Hajiya!"

"Wasa nake, 'yar nan. Riƙe mini hannu, abin nan ya fara gudu."

Ita da ta ce in riƙe ta, ni ce na kusa karya mata yatsu. Mun sauka Habasha, muka yi zaman jira mai tsawo a wani ɗaki da ya fi kasuwar Batsari girma, muka yi sallah a kusurwa, Hajiya ta fito da dambun nama daga jakar da na ɗauka magani ne a ciki. Daga nan wani jirgin ya ɗauke mu zuwa Cennai, birnin da ke bakin teku a kudancin ƙasar.

A wurin duba fasfo na yi abin kunya na farko. Jami'in, wani mai gashin baki kamar tsintsiya, ya tambaye ni da Turanci wurin wa na zo. Na ce wurin mijina. Ya ce sunansa? Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Ku da kuke karantawa kun san dalili. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa furta shi ba, ko ni kaɗai a ɗaki. Na ce, "Yana cikin takardar." Ya ce ya gani, daga bakina yake son ji. Layi ya taru a bayana. Ya fara dubana kamar wadda ta sayi miji a hanya. Hajiya Ladi daga kan kekenta ta ɗaga murya da Hausa, "Ke faɗi mana! Nan babu surukarki!" Ban iya ba. Na roƙi biro, na rubuta a bayan tikitina da manyan baƙaƙe, na tura masa. Na yi masa bayani cewa a wurinmu mace ba ta kiran sunan mijinta. Sai na ga fuskarsa ta saki. Ya ce kakarsa ma har ta mutu ba ta kira sunan kakansa ba. Ya buga hatimi.

Kilishin Inna bai tsira ba. Masu duba kaya suka ce ba a shiga da nama. Daddawa kuwa, matar da ta buɗe leda ta farko ta ja da baya, ta rufe, ta yi mini alama da hannu in tafi da abina.

Na shirya wannan haɗuwa a kaina tun daga Kano. Na san irin kallon da zai yi mini, na san abin da zan yi da idanuna. Da na fito, ga shi tsaye cikin taro, ya rame kamar yadda Inna ta faɗa, gilashinsa ya sauko kan hanci. Hannunsa babu fure, laima ce. Ya karɓi jakata ya ce, "Sannu da hanya. Ya Inna?"

"Tana lafiya."

"Baffa fa? Ƙafar tasa?"

"Da sauƙi."

"An samu ruwa a Wagini?"

Na zo Indiya, kuma har yanzu ina layi. Kafin ya gama da gona, mai keke napep ya fara yi masa magana da yarensu, shi ke nan zance ya wuce.

Abin da ya fara ɗaure mini kai a titi shanu ne. Saniya kwance a gefen kwalta, tana tuƙa, babu makiyayi, babu igiya, motoci na kauce mata. Na tuna shanun Baffa goma sha ɗaya da aka kore a Wagini, na tuna yadda yake tashi da asuba har yanzu ya nufi inda turke ya kamata ya kasance. Na ce a raina in na ba shi wannan labarin ba zai yarda ba, kuma gara kada ya yarda.

Masaukinmu ɗaki ne ɗaya a gidajen ɗalibai masu iyali cikin jami'ar, da gado, da tebur, da fanka mai kuka. Maƙwabciyarmu kowace safiya sai ta share ƙofarta ta zana ado da garin shinkafa a ƙasa, kafin azahar an tattake shi, gobe ta sake. Da farko na ga ɓarnar abinci ce. Daga baya na tuna mu ma muna yin lalle mun san zai goge. Abincinsu bai ba ni wahala ba kamar yadda na zata. Akwai wani kamar sinasir, sai dai siriri ne ƙwarai yana ƙaras-ƙaras, akwai wani fari kamar masa da ba ta ga mai ba. A kan ganyen ayaba suke zubawa, da hannu suke ci kamar mu. Miyarsu ce dai duk tsami, har shinkafa da nono suke ci a ƙarshe su ce sun ƙoshi. Rana ta biyu na kaɗa miyar kuka. Malam ya ci, ya ƙara, ya suɗe kwano, ya ce, "Allah ya yi albarka." A littattafaina nan ne ake riƙe hannu. Shi ya tashi ya koma wurin aiki, wai gwajinsa ya kusa fitowa.

Kwana huɗu haka. Yana fita da safe, yana dawowa da magariba ya kira gida, in zauna a gefe ina jin Inna tana tambayar malamansa. Na fara tsara kalmomin da zan faɗa wa Baffa.

Rana ta biyar ya ce in zo in ga inda yake aiki. Ana cire takalmi a ƙofa kamar masallaci. Ciki sanyi kamar firij, teburori a jere, matasa kowa ya ƙura wa allo ido. A ƙurya akwai wani ɗaki na gilashi da injuna ke gurnani, a jikin babban cikinsu an rataya furanni da suka fara bushewa. Aka ce mini suna da ranar da suke yi wa kayan aiki ado. Na tsaya ina kallo. Na zo daga Batsari ban samu fure ba, ga ƙarfe ya samu.

Malaminsu ya kira Malam ofis, ya bar ni da wata ɗaliba mai suna Mina, gajeruwa mai fara'a, da farin fure a kitsonta. Ta kawo mini shayi mai madara a ɗan ƙaramin kofi. Ta ce, "Kin san abin da mijinki yake yi?" Na ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ta yi dariya, ta buɗe aljihun tebur ta ɗora mini wani ɗan abu a tafin hannu, murabba'i, bai fi kan sarki girma ba. Ta ce furosesa ke nan, wato ƙwaƙwalwar da nake faɗa, irinsa ne a cikin wayata. Ta ce duk abin da waya ke yi, dogon layi ne na ƙananan umarni: ɗauko wannan, haɗa da wancan, ajiye can. Injunan da, ɗaya suke yi su gama sannan su taɓa na gaba. In na farko ya tsaya jiran abin da aka aika a ɗauko daga ma'ajiya mai nisa, kowa sai ya tsaya, ko da na goma a layi ba ya bukatar komai.

Na ce, "Kamar a ce ba za a yanka albasa ba sai wanda aka aika niƙa ya dawo."

Ta tafa hannu. Ta ce to su aikinsu shi ne su gano umarnin da ba ya jiran kowa, a bar su su yi aiki a lokaci guda. Akwai wani ɗan zaure a cikin abin, inda umarni ke zama suna jira. Duk wanda kayansa suka cika ya shirya. Amma sau da yawa waɗanda suka shirya sun fi ƙofofin yawa, dole a zaɓa. Abin da aka saba shi ne a ba wanda ya fi daɗewa, wato babba. Mijina shekara huɗu yana gwada wata hanya: a duba wanda jinkirinsa zai fi tsayar da aiki, a bar shi ya wuce ko da shi ne ƙarami. Ta ce ba da ƙarfe yake ƙerawa ba, kwaikwayon injin yake ginawa a cikin kwamfuta, gwaji ɗaya ya kan ci kwana biyu, wani lokaci ya fito ba riba, ya sake daga farko.

Na ajiye kofin. Wato mutumin nan ya ƙetare teku don ya koya wa ƙarfe kada ya bar ƙarami yana jira a banza, ni kuwa ya bar ni bayan jakin Baffa.

Mina ba ta lura ba. Ta ce, "Mu duka mun san ki fa. Mun san lokacin da kike tashi daga makaranta." Na dube ta. Ta ce malaminsu da ƙarfe shida da rabi na yamma yake taron mako, shekara da shekaru, ba wanda ya isa ya taɓa. Mijina, wanda ba ya ɗaga murya, ya je ya tsaya ya ce shi ba zai iya wannan lokacin ba, lokacin kiran gida ne. Aka ce ya kira gida da rana mana, lokacin can safiya ce. Ya ce da safe matarsa tana aji. Har aka mayar da taron ƙarfe huɗu. Ta ce, "Sai in kuna hutu ne muke ganinsa da yamma. Shi ya sa muka san hutun makarantun Najeriya."

Na yi lissafi. Gaskiya ne. In ana hutu da hantsi yake kira, lokacin da sabis ya fi ƙarfi. Shekara huɗu ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Inna tana gida wuni guda. Baffa ma haka, tun da gona ta gagara.

Da muka fito bayan la'asar ban bi hanyar gida ba. Na zauna a wani benci ƙarƙashin wata bishiya mai saiwoyi na saukowa daga sama. Birai na ta tsalle a kai. Malam ya tsaya da laimarsa ya ce, "Lafiya?"

Na ce, "Malam, an ce ka koya wa injinka ya bar ƙarami ya wuce."

"Wani lokaci. Ba kullum ba." Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ya gyara gilashi. "Kuma a ciki ne kawai. In an zo bayyana sakamako, dole a bi layi yadda aka shigo, babba kafin ƙarami. In ba haka ba lissafi ya rikice. Wani an gama aikinsa tun tuni, yana zaune yana jiran a zo kansa."

"In kuma caji ya mutu kafin a zo kansa fa?"

Ya juyo ya dube ni sosai, karo na farko tun da na sauka. Sai na faɗa masa duka. Dalbejiya, da kalma biyar, da jan biro, har da abin da na yi niyyar roƙon Baffa. Ina faɗa ina kuka, ba irin kukan littafi ba, irin mai majina. Wani biri ya sauko ya zauna yana kallonmu.

Malam ya ce, "Rukayya, wa ke ɗaukar wayar?"

"Ni."

"Kullum ke. Ina jin kin ce wa alaikumus salam, kina haki don kin yi sauri daga makaranta. Ina buɗe baki in ce Rukayya, kin riga kin ce ga Inna." Ya sunkuyar da kai. "Na ɗauka kunya kike ji a gabansu. Na ce kada in sa ki abin da za a yi magana. Sai na ce to wannan sallamar ma ta ishe ni. Saboda ita nake kira. Sauran gaisuwa ce."

Na ce, "Ai ba daidai ba ne in riƙe waya Inna na zaune."

"Ni ma ba daidai ba ne in ce wa Inna ta gajarta."

Muka dubi juna. Shi yana tsare mini kunyata, ni ina tsare masa ladabinsa, shekara huɗu, kowa na jiran ɗan'uwansa. Dariya ta kama ni a tsakiyar kukan. Ya ce a wurin aikinsu ma akwai irin haka, biyu su tsaya kowa na jiran ɗaya, kuma in ta faru laifin mai zane ne, ba na injin ba. Na ce, "Malam, don Allah yau kar ka ƙara kawo mini injin." Ya ce to. Bai ce ya kasa barci ba. Bai ce abinci ya daina masa daɗi ba. Ya matso tsakiyar bencin, ya buɗe laimar a kanmu, alhali ko ɗigo ba a yi.

Ranar kare aikin na zauna a baya kusa da Mina, cikin atamfata mai ruwan goro. Ya yi magana kusan awa guda, da zane-zane masu hawa da sauka. Ban gane rabin rabi ba, amma duk inda ya ce a bar wanda ya shirya ya wuce, na gane. Malamai suka yi ta jefa masa tambaya. Wani tsoho da ya zo daga wata jami'a ya matsa masa a kan cewa hanyarsa za ta ƙara cin wuta. Malam ya amsa a natse, ya yarda da inda aikin bai kai ba. Da ya gama, sai na ga tsohon yana kaɗa kai hagu da dama. Malaminsu ma haka. Na ukun ma haka. Na kama hannun Mina na ce, "Sun ƙi? Shekara huɗu, sun ƙi?" Ta toshe baki da gyalenta. Ashe a wurinsu wannan kaɗa kan shi ne to madalla.

Kafin in taho na je asibiti duba Hajiya Ladi. Tana takawa da sanda, tana yi wa ma'aikatan faɗa da Hausa suna kaɗa mata kai. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, kwamfutar ta ɗaura zane?" Na ce a'a. Ta ce, "Na gani a fuskarki. Tafi, kar ki ba ni labari, gwiwata ba za ta ɗauka ba."

Malam bai biyo ni ba, saura gyare-gyaren da aka ba shi, sai bayan wata uku. A filin jirgi ya ba ni saƙon Inna, da na Baffa, da na mahaifiyata a Zakka, bi da bi yadda ya saba. Na tsaya ina jira, amma wannan karon ban ji ciwo ba. Da ya zo kaina ya miƙo mini wata 'yar leda mai danshi. Farin fure ne irin na kitson Mina. Ya ce, "An ce a gashi ake sawa. Ban san ko zai kai Kano ba." Bai kai ba. Tun a Habasha ya yi ja. Yana nan cikin wani littafi, a shafin da na fi ja wa layi.

Na iso Batsari ranar Talata da yamma. Na gaya wa Inna ya rame, na gaya mata abin da ya sami kilishi, ta yi salati. Baffa ban ba shi labarin shanun ba. Ban kuma durƙusa gabansa da wata magana ba sai gaisuwa. Abin da ya faru a kan benci ban gaya wa kowa ba, sai yanzu.

Washegari na dawo daga makaranta, ko mayafi ban cire ba wayar ta yi ƙara. Na tafi gindin dalbejiya na ɗauka. Na amsa sallama. Ƙafata da kanta ta juya ta nufi tabarmar Inna, bakina har ya ɗauko kalmar da ya saba. Inna tana zaune a inuwa, ta miƙe ƙafafu. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Riƙe tukuna, ɗiyata. Hannuna da ƙullu. Ki ji da shi, in na wanke na karɓa."

Na dubi hannuwanta. Suna kan cinyarta, a bushe, babu ko ƙwarya a kusa.

Na koma jikin katanga, na juya baya, na mayar da wayar kunnena.

Ya ce, "Rukayya."

Na ce, "Na'am, Malam. Ina ji."